Ina so in je garin da kakana ya baro, iyalina sun ce kada in je

Assalamu alaikum. Shekarata 53, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifina. Da muka buɗe akwatinsa sai na ga wani tsohon hoto, samari biyu a tsaye, ɗaya ya dafa kafaɗar ɗaya. A bayan hoton an rubuta sunan wani gari da shekarar 1938. Na gane ɗaya daga ciki, kakana ne wanda ya haifi babana. Mun san daga wata ƙasa ya zo yana saurayi, bai taɓa komawa ba har Allah ya yi masa rasuwa, kuma in an tambaye shi labarin can sai ya kawo wata magana. Ɗana ya bincika a Facebook ya samo wani mutum a garin mai sunan gidanmu. Wata biyar ke nan muna musayar saƙo. Ya ce saurayi na biyu a hoton kakansa ne, ƙanen kakana. Sau ɗaya ya nemi in taimaka masa da kuɗin asibiti, na aika. Yanzu ina so in je ni kaɗai in yi mako uku. Maiɗakina ta ce ina da hawan jini, ban iya harshensu sosai ba, ban kuma san mutanen ba. Yayata ta ce a bar kaza cikin gashinta, wanda ya yi shiru ya san dalilinsa. Gwaggonmu ɗaya ta rage, shekararta 78, ban ma gaya mata ba don kada in tayar mata da hankali. Ni kuwa tun da na ga hoton nan ban sake barci mai daɗi ba. Wauta nake shirin yi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa.

Ba wauta ba ce. Ka je. Na fara da wannan ne don kada ka karanta sauran maganata kana zaton hanyar hana ka nake nema. Mutum yakan yi shekara hamsin bai damu da inda kakansa ya fito ba, saboda akwai wani a gabansa da ke riƙe da wannan sani, ko da ba ya faɗa. Ranar da aka binne uba sai ya waiwaya ya ga shi ne a sahun gaba, jikoki na tafe, kuma in za su tambaya shi za su tambaya. Abin da ya hana ka barci ke nan, kuma ba abin kunya ba ne.

Sai dai a cikin wasiƙarka duka, layin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Gwaggo. Kana shirin ƙetare iyakar ƙasa ka nemi labarin mutum a wurin waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, alhali 'yar da ya haifa, wadda ta ji muryarsa safe da yamma, tana nan da ranta. Garin da ke bayan hoton yana nan tun kafin 1938, baɗi ma za ka same shi. Mai shekara 78 kuwa ba wanda zai yi maka wannan alkawari a kanta. Ka ce kana tsoron tayar mata da hankali. Ni na fi zaton abin da zai ɓata mata rai shi ne ta ji a bakin wani cewa ka je garin ubanta ka dawo ba ka shawarce ta ba.

Ka kai mata hoton, ka sa mata a hannu, ka yi shiru. Kada ka fara da "Gwaggo, me ya raba Kaka da gida?" Irin wannan tambaya rufe baki take yi. Tambaye ta ƙananan abubuwa. Da wane harshe yake lissafi in yana shi kaɗai? Wane suna yake kira in zazzaɓi ya kama shi? Akwai baƙon da ya taɓa zuwa daga can ya kwana? Wa aka sa wa sunan wa? Ka tsaya sosai a kan sunaye, don mutumin da ya ƙi maganar gida da baki sau da yawa yakan maido da uwarsa da 'yan'uwansa cikin sunayen 'ya'yansa. Ba mamaki sunan Gwaggo kanta sunan kakarta ne da ba ta taɓa gani ba. Ka nemi izininta ka naɗi muryarta a waya, ka kuma koma sau uku ko huɗu. Tsoho ba ya tuna komai a zama ɗaya. Abin da ka taɓo da rana, cikin dare yake faɗo masa.

Yanzu maganar yayarka. Tana da gaskiyarta, ruwa ba ya tsami banza. Shekarun da kakanka ya bar gida shekarun wuya ne a kusan ko'ina. Shekara ɗaya bayan ɗaukar hoton nan Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka yi ta kwasar samari zuwa soja. A ƙasashen da Faransa ta mallaka ba a soke aikin dole ba sai 1946. Akwai haraji, akwai fari, akwai kuma neman kuɗi kawai irin na ƙuruciya. Yana iya zama ɗaya daga cikin waɗannan ne ya fitar da shi, kunyar komawa hannu rabbana ta riƙe shi shekara biyar, daga nan kunyar daɗewa ta riƙe shi har ƙarshen rayuwa. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. Amma yana iya zama bashi ne, ko faɗa da uba, ko rigimar gado, ko mata da jariri da aka bari a baya. Ina so ka zauna ka tambayi kanka tun yanzu: in na je aka nuna min wani dattijo aka ce wannan yayan babanka ne da aka tafi aka bari, zan iya ɗauka? In amsar e ce, ko da da ƙyar, ka shirya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Ku kun gaji labarin saurayin da ya zo ba shi da komai ya kafa gida. Su kuwa wataƙila labarin da suka gada shi ne na wan da ya tafi bai ko aiko da takarda ba, ya bar uwa tana duban hanya, ya bar ƙane da nauyin gida shi kaɗai. Saurayin nan na biyu a hoton shi ya binne iyayensu. Labaran biyu suna iya zama gaskiya duka. In aka fara faɗa maka nasu, zuciyarka za ta so ka kare kakanka, tun da kai ka san shi, ka zauna a cinyarsa. Ka danne. Kada kuma ka shiga ba da haƙuri kamar kai ka yi laifin. Ka saurara har a gama, ka ce ba ku taɓa jin wannan ba, ka gode da aka gaya maka. Daga baya, in sun tambaya, ka ba su naka: yadda ya rayu, sana'arsa, yadda ya tsufa, inda aka binne shi. Su ma shekara tamanin da wani abu suna da tambayar da ba mai amsa musu.

Akwai kuma tsoron da ba za su furta ba. Baƙon da ya sauka da sunan gidansu da hoton kakansa a hannu, abin da zai fara zuwa ran wasu shi ne gida ko gona. Ka kashe wannan tun kafin ka tashi. Rubuta musu ƙarara cewa ba ka zo neman gado ko rabon komai ba, zumunci ka zo yi da ganin inda aka haifi kakanka. Ka maimaita da bakinka a zaman farko, a gaban babban gidan. Za ka ga kafaɗu sun sauka.

Mutumin Facebook fa? Ba zan kira shi mayaudari ba, asibiti na kama kowa, kuma wanda ya ji ya sami ɗan'uwa yana iya ganin ba laifi ya nemi taimako. Amma ka koma farkon saƙonninku ka duba abu ɗaya: wa ya fara faɗin me? In kai ka aika hoton, ka faɗi sunan kakanka da shekarar, shi kuma ya ce "ai kakana ne na biyun", to har yanzu bai gaya maka abin da ba kai ka ba shi ba. Tambaye shi abin da ba ka taɓa ambata ba. Sunan uban samarin biyu da na uwarsu, sannan ka gwada da abin da Gwaggo ta sani. Hoton kakansa da ya manyanta, ka dubi kunne, siffarsa ba ta canjawa sosai. Ka nemi a yi kiran bidiyo da dattijo ko dattijuwar gidan, ba shi kaɗai ba. Ɗan'uwa na gaskiya zai yi murna da waɗannan tambayoyi. In ya fara kauce-kauce, ko wata sabuwar larura ta taso duk lokacin da ka matsa, ka samu amsarka. Kuɗi kuwa ka dakata da aikawa har ku ga juna. Abin da za ka bayar in ka je, ka yanke adadinsa tun a gida tare da maiɗakinka, ka miƙa shi a fili ta hannun babba, don kada kyautarka ta haddasa gaba tsakanin mutanen da za ka tafi ka bari.

Wasu za su ce maka ku yi gwajin ƙwayoyin halitta a huta. Gwajin yana aiki a irin wannan. In kakanninku wa da ƙane ne uwa ɗaya uba ɗaya, abin da kuka haɗa a jini kusan kashi 3 ne cikin 100, kuma dangantaka mai kusancin haka gwaji na kama ta. In shi ma ta wajen uba ya fito, akwai wani sashe da namiji kaɗai ke gada daga ubansa, masana na kiransa Y, yana sauka daga uba zuwa ɗa kusan ba canji, naka da nasa za su dace. Amma ban ba ka shawarar ka fara da shi ba. Gwajin ba ya amsa tambayarka kaɗai, yakan tono abin da ba wanda ya tambaya, a gidansu ko a naku. Ba kowace ƙasa ce ta yarda da shi ba: a Faransa, wanda ya yi shi don kansa ba da umarnin kotu ko dalilin likita ba yana iya fuskantar tarar Yuro 3,750. Bayanan kuma suna zama a hannun kamfani. A 2023 an yi wa wani kamfanin irin wannan gwaji mai suna 23andMe kutse aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9. Sannan ka yi tunanin yadda za ka ji in baƙo ya sauka gidanka ya ce sai ka tofa yawu a kwalba kafin ya yarda kai ɗan'uwansa ne.

Takardu na iya taimaka maka, in ka san halinsu. Fara da sunan garin, ka tabbata shi ne har yau. Garuruwa na canja suna: Leopoldville ta zama Kinshasa a 1966, Fort-Lamy ta zama Njamena a 1973, Bathurst ta zama Banjul a shekarar, Salisbury ta zama Harare a 1982. Ana kuma samun garuruwa biyu ko uku masu suna ɗaya a ƙasa guda. Sunan mutum ma akawu yakan rubuta shi yadda kunnensa ya ji, don haka ka nemi sunan kakanka da kowane irin rubutu da zai yiwu, shekarar haihuwa kuwa ka ba ta rata gaba da baya. Shafin FamilySearch na binciken asalin iyali a intanet kyauta ne, ɗanka zai iya duba ko an saka wani abu na yankin. In akwai gidan adana takardun tarihi, rubuta musu tun kafin ka tashi ka ji ranakun da suke buɗewa da abin da suke nema a hannun baƙo. Kowace ƙasa da dokarta kan buɗe bayanan mutane: Amurka na riƙe takardun ƙidayar jama'a shekara 72, Ingila shekara 100. Wasu kuma sun tafi har abada, kamar yawancin ƙidayar Amurka ta 1890 da gobara ta lalata a 1921, da takardun ƙasar Ayilan da suka ƙone a Dublin a 1922. In ka nema ba ka samu ba, ba ya nufin ba a haifi kakanka a can ba. Yawancin mutanen duniya na zamaninsa ba wanda ya rubuta haihuwarsu. A irin wannan bincike tsohuwa ɗaya mai kaifin tunani ta fi ɗaki cike da fayil.

Maiɗakinka kuwa kada ka yi gardama da ita, ka amsa mata da aiki. Ga likitanka mako huɗu zuwa shida kafin tafiya. Ka ɗauki maganin hawan jininka wanda zai wuce mako ukun, a cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu, da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin, don sunan kasuwa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. In za ka yi inshorar tafiya ka faɗi ciwon, in ka ɓoye suna iya ƙin biya ranar buƙata. Zaman da ya wuce awa huɗu a jirgi ko mota yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, ka riƙa tashi kana takawa. Ƙasashe da yawa na son fasfo ya rage aƙalla wata shida. In ana neman katin rigakafin cutar shawara, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa tun gyaran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2016. Ka bar mata kwafin fasfo da biza, adireshin masauki, lambar ofishin jakadancin ƙasarka, da lokacin da za ka riƙa kira kullum, da abin da za ta yi in lokacin ya wuce ba ta ji ka ba. Mace da ta ga wannan a rubuce ta san an ɗauki tsoronta da muhimmanci.

Ina goyon bayan ka tafi kai kaɗai. In kun je ku huɗu kun zama tawaga, za a yi muku tarbar tawaga, a yi muku maganar da ake yi wa tawaga. Mutum ɗaya da hoto a aljihu, shi tsofaffi ke ja gefe su gaya masa abin da ba a faɗa cikin taro. Amma ka kama masaukinka na kanka, aƙalla a makon farko, ko da sun nace. Ka ce saboda magani da hutu ne, gaskiya ce kuwa. Kana buƙatar ƙofar da za ka rufe da dare ka yi tunani, ko ka yi kuka in ya zo. Tafinta ma ka samo wanda ba ɗan gidan ba, don ɗan gida yakan tace magana, ya zubar da mai ɗaci kafin ta iso kunnenka, kuma mai ɗacin ce wataƙila ka zo ji. Ka koyi gaisuwa da godiya da sunayen dangantaka a harshensu. Ko ka karya su, za a ji daɗi.

Bari in gaya maka abin da ya same ni, don na yi irin tafiyar nan ina da shekara 49, wajen dangin mahaifiyata. Da na shiga, wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta kama wuyan hannuna ta juya tafin, ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta. Da ta zo kan ƙaramin, wanda ya ɗan lanƙwashe ciki, sai ta tsaya. Ta ɗaga nata ta sa kusa da nawa. Iri ɗaya. Ba ta ce komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba, muka zauna haka hannu cikin hannu har aka kira ta. Na ce a raina na iso gida.

Washegari da la'asar kuwa muna zaune mu bakwai, an gama tambayar hanya, an gama lissafin wanda ya mutu da wanda ke raye, magana ta ƙare. Suka koma hirarsu ta yau da kullum a kan mutanen da ban sani ba, suna dariyar abin da ban gane ba. Na ji kaina baƙo fiye da yadda na taɓa ji a ko'ina. Daren nan na kusa haɗa kayana. Abin da ban sani ba shi ne haka abin yake ga kusan kowa. Jini ya haɗa mu, amma ba mu yi ƙuruciya tare ba, ba mu yi jinyar kowa tare ba. Sai a kwana na biyar, da na daina jiran a yi ta murna da ni, na fara raka wani ɗan'uwa wurin aikinsa ina zama kusa da shi, sannan ya gaya min abin da ya raba kakata da gidan. A tsaye ya faɗa, yana aiki, bai ko dube ni ba. Har yau muna waya da shi. Sauran kuwa gaisuwa ce daga shekara sai shekara, kuma ban ga laifin kowa ba. In ka dawo da mutum ɗaya irin wannan, tafiyarka ta biya.

Don haka kada ka cika mako ukun da ziyara. Ziyarar farko ta zama gajera, ka tashi tun ana son ka ƙara zama. Ka bar ranaku da ba ka da shirin komai, ka taka garin da ƙafa, ka nemi a nuna maka inda tsohon gidan yake ko da an rushe shi, da inda aka binne iyayen samarin nan biyu. Ka tuna kuma kakanni huɗu gare ka, iyayensu takwas. Garin nan reshe ɗaya ne daga cikinsu. In ka je ka ji bai kama ka ba, ba abin da ya ragu a jikinka.

Asalin hoton ka bar shi a gida. Ka wanke kwafi da yawa, manya, har da bayan da ke da rubutun, ka ba kowane gida nasa. Ka kuma rubuta a takarda ɗaya sunan duk wanda ya fito daga tsatson kakanka, tun daga babanka da Gwaggo har zuwa jaririn ƙarshe, ka karanta musu da bakinka a hankali. Ka duba fuskokinsu lokacin da ka zo kan sunan da su ma suke da shi a gidan. Kafin ka taho ka roƙi mafi tsufa a cikinsu ya yi wa Gwaggo magana ka naɗa a wayarka, ya kira ta da sunanta, ya gaya mata shi wane ne a wurinta. In ka sauka, ita za ka fara kai wa.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.